Goron Manaja da Injin Markaɗe

Tun 'yata tana goye a bayana nake yawo da tsoro ɗaya a ƙirji: kada ta taso irina. Ni ban gama firamare ba aka cire ni, can garinmu Lau. Hausa ina karantawa, ina kuma rubutawa kamar yadda kuke gani, amma da an juya harshe zuwa Turanci sai in koma murmushi da gyaɗa kai. A asibiti haka, a banki haka. Sai an gama magana an watse, sannan in ja wata gefe in ce, "Don Allah me suka ce?" Ban so 'yata ta yi rayuwar jan mutane gefe ba.

Bayan layinmu a unguwar Sarkin Dawaki akwai wata makarantar kuɗi, yaranta na sa riga ruwan toka da farar safa. Kullum da safe ta gaban injina suke wucewa, ni kuwa in bi safar nan da kallo har su sha kwana. A raina na riga na sa 'yata a can, saura kawai ta isa.

Injin markaɗe ne. Mahaifiyata ta sayar da karsanarta ta saya mini bayan na haihu, ta ce mace a birni ba ta zama hannu rabbana. Aka kafa shi a wata rumfar kwano a ƙofar gidan da muke haya. Tattasai, tumatir, waken ƙosai, geron kunu, duk na layin ni ke markaɗawa. Ƙararsa kamar zai tashi sama, bel ɗinsa na yawan zamewa, amma na san halinsa fiye da yadda na san na mijina. Da shi nake tara na makaranta. Ba ni da wani abu da zan nuna in ce nawa ne ni kaɗai, sai shi.

Mijina masinja ne a wata ma'aikata. Mutumin kirki ne, ciwonsa ɗaya: yana son a ƙirga shi cikin masu abu. Shi ya kawo mana zancen kamfanin nan. Wani ƙaramin kamfani ne a cikin gari, suna buga faifan sidi na waƙoƙin coci da wa'azin malamai da bidiyon biki, suna kuma haɗa akwatin da ake sa faifan a ciki a kalla. Wanda ya kafa shi, da kowa ke kira Manaja, ya sayar wa mutanen gari hannun jari. Manyan hannaye suna wurin tsofaffin daraktoci da alhazai da dattawan coci. Ƙanana suna wurin irinmu. Mijina ya zuba kuɗin hutunsa ya sayi ɗan mitsitsi, aka ba shi takarda, ya kai aka manne ta da leda, ya rataye a saman talabijin. Ƙarshen shekara a ba mu kalanda da 'yar riba wadda ba ta wuce cefanen miya ba. Amma in baƙo ya zo, kafin in kawo ruwa ya riga ya ji cewa maigidan nan yana da kamfani.

Ni dai daga bakin inji ina ganin abin da nake gani. Masu tura baro da faifai, waɗanda da can suke cika mana kunne da lasifika, duk sun koma sayar da rigar waya da caja. Akwatin faifan gidanmu ma na rufe shi da ƙyalle, filas nake ɗorawa a kai. Na faɗa wa mijina, ya ce, "Ke dai markaɗa tattasanki. Harkar kamfani ba a gane ta daga rumfa."

Sai ga magana ta fara zagaya gari wai kamfani zai yi sabon tsari. Ba wanda ya san mene ne sabon tsarin, amma kowa ya ƙware a kai. Mijina ya ce za a kawo injuna daga China ne. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu, wadda ɗakinta ke jikin namu, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, ita ma tana da ɗan hannu, ta ce a cocinsu an ce za a buɗe reshe a Yola. Akwai kuma wani tsohon malamin makaranta mai fansho, wanda shi yake kawo markaɗen gidansa tunda matarsa ba ta da lafiya, shi ma yana da nasa hannun. Shi ya ce, "Ni in na ji an ce sabon tsari, korar mutane nake jira. Haka aka yi mana a aikin gwamnati." Muka ce Malam ka cika baƙin baki.

Mai gidan da muke haya, Alhaji, tsohon darakta ne, kuma yana cikin manyan masu hannu. Shi da matarsa Hajiya suna sashen gaba, mu 'yan haya muna baya. Wata rana da hantsi, ina cikin markaɗa wake, motar Manaja ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito da babbar riga, direbansa na biye da ƙullin goro a ganye da katan na lemo. Suka shige falon Alhaji, aka saki labule. Sun daɗe.

Maman 'yan biyu ta leƙo da bokitinta ta ce, "Amarya, kin gani? Jiya ma mota nan ya tsaya gidan dattijo namu na coci a unguwar Majidaɗi. Goro ɗin, lemo ɗin, duka ɗaya."

Har yau Amarya take kirana, ko da yake 'yata ta fara gudu.

Na ce, "Goro fa?"

Ta ce, "Goro mana. Kin taɓa ji an kai labarin mutuwa da goro?"

Nan fa muka zauna muka yi lissafinmu na mata, kuma ina ganin duk wanda ya tashi a ƙasar nan haka zai yi. Goro na haihuwa ne, na sa rana ne, na ɗaurin aure. Mummunan labari da hannu wofi ake kai shi, fuska a murtuke. Kuma in abin alheri ya samu, manya ake fara kai wa, gida gida, babba kafin ƙarami, sannan ya gangaro kan kowa. Mutum ya ɗauko goro yana bin gidajen manya ɗaya bayan ɗaya, to me ya rage a tambaya?

Duk da haka ni mai tsoro ce, sai da na tambaya. Da Manaja ya fito na kashe inji, na goge hannu a zane, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ma muna da ɗan hannu a kamfanin. Wannan sabon tsarin, lafiya dai ko?"

Ya yi murmushi, ya shafa kan 'yata, ya ce, "Madam, komai da tsarinsa. A bari in gama da manya tukuna. Za a kira taro, kowa zai ji."

Na ji daɗin amsar, har na ce a raina mutumin nan yana da tarbiyya.

Ba a jima ba Hajiya ta aiko a kira ni. Tun da muka tare a gidan nan, tsakanina da ita gaisuwa ce, sai faɗan ruwan wanki in ya gangara sashenta. Ran nan kuwa har kan kujera ta zaunar da ni, ta buɗe mini lemo, cikin na Manajan nan. Ta ce, "'Yata, zauna sosai mana, nan ma gidanku ne."

Na gyara zama a bakin kujera.

Ta ce, "Ina kallonki kullum a bakin injin nan, ga hayaƙi, ga ƙara, ga yarinya a baya. Ƙirjinki zai lalace. Kin san ina da hannu a kamfani, nawa daban da na Alhaji. Ni na tsufa, me zan yi da shi? Na duba duk gidan nan ban ga mai hankalinki ba. Ke nake so ki karɓa."

Na ce, "Hajiya, ina na ga kuɗin sayen hannunki?"

Ta ce, "Wa ya yi maganar kuɗi tsakanin uwa da 'ya? Ki bar mini injin, in ba ki takardar. Akwai wata 'yar ƙanwata da ke zaune ba aikin yi, sai ta riƙa lallaɓawa. Ke kuma ki huta, riba na zuwa miki har ɗaki."

Na ce zan yi shawara da maigidana. Ta ce, "Yi, amma kada ki daɗe. Matan layin nan in suka ji, ba za su bar ni in yi barci ba."

Mijina da ya ji, abincin ma kasa ci ya yi. Ya ce, "Hannun Hajiya? Kin san girmansa kuwa? Ya ninka nawa ban san sau nawa ba!"

Na ce, "To in abin kirki ne, don me za ta rabu da shi ana gab da sabon tsari?"

Ya ce, "Saboda Allah mana! Ke ba ki yarda akwai mutanen kirki ba? Matar da muke zaune a gidanta, ta kira ki 'yarta, ta miƙo miki abu, ki ce ba kya so? Da wane ido za mu kalle ta? In haya ta ƙare ke za ki je roƙon a ƙara mana lokaci?"

Wannan ta ƙarshen ita ta kama ni. A inda na tashi, babba ba ya miƙo maka abu ka tsaya juya shi kana duba ƙasansa kamar tukunya a kasuwa. Na je wurin Maman 'yan biyu ko za ta tsorata ni in samu abin fakewa, sai na tarar ana fitar da firjinta. Matar dattijon cocinsu ta kira ta ita ma, ta ce mata 'yata, ta ba ta takarda a madadin firjin. Tana ta rawa a tsakar gida, ta ce, "Amarya, mun gama da zoɓo! Yanzu mu ma manyan mata ne!"

Na bayar. Ko ɗaga injin ba a yi ba, yana nan a rumfarsa. Washegari dai 'yar ƙanwar Hajiya ce zaune a kan bencina, tana jan igiyarsa kamar tana fushi da shi. Takardar Hajiya kuma mijina ya kai aka manne da leda, ya rataye kusa da tasa.

Aka kira taron a wani ɗakin taro na haya. Na sa atamfar sallata, Maman 'yan biyu ta ɗaura gwaggwaro kamar za ta biki. Manya na can sama a kan dogon tebur mai farin ƙyalle da ruwan roba, har da Alhajinmu da dattijon Majidaɗi. Mu muna ƙasa a kujerun roba. Aka buɗe da addu'a biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kamar yadda ake yi a kowane taro a garin nan. A nan dai an yi adalci, kowa ya ji tasa a gaban kowa.

Manaja ya tashi ya fara da Turanci. Ina murmushi ina gyaɗa kai, sai na lura masu jin Turancin da ke kusa da ni sun daina murmushi. Wani ya cire hula ya riƙe. Mijina ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na taɓa shi na ce me ake cewa, ya ce, "Bari mana."

Sai da Manaja ya gama tas sannan ya juyo da Hausa, a gajarce, kamar mai ba yara saura. Ya ce faifai ya mutu, waya ta kashe shi. Don haka an raba kamfani biyu. Sabon kamfani zai sayar da sola da kayan waya, shi zai riƙe ginin da motar da janareto. Tsohon kamfani na faifai an rufe aikinsa, an sallami ma'aikata, abin da ya rage masa injunan buga faifai ne da kwalayen faifan da ba a sayar ba. Duk mai tsohuwar takarda, rabonsa na cikin tsohon kamfani. Hannayen sabon kuwa an riga an saye su duka.

Wata mata daga baya ta ce, "Su wa suka saye?"

Na kan tebur suka shiga buɗe ruwan roba.

Tsohon malamin nan mai fansho ya miƙe, yana dogara kujerar gabansa. Ya ce, "Manaja, ban ce ka hana faifai mutuwa ba, ba kai ka ƙera waya ba. Ban ma ce raba kamfanin kuskure ne ba, wataƙila shi ne daidai. Tambayata ɗaya ce. Kuɗinmu da nasu a tukunya ɗaya suke. Don me wasu suka ji tun tuni, mu sai yau? A inda ake harkar hannun jari ta gaske, labari irin wannan lokaci guda ake faɗa wa kowa, mai babban hannu da mai ƙarami. In ka raɗa wa wani shi kaɗai, laifi ne."

Abin da ba zan manta ba shi ne fuskar Manaja. Ba kunya ce a kanta ba. Mamaki ne, da ɓacin rai na gaske, irin na wanda aka zaga ba dalili. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Malam! Kai da kake dattijo? So kake Alhaji ya ji magana irin wannan a cikin taro, tare da kowa da kowa, kamar wani yaro? So kake Baba na coci ya ji a lasifika? Ni ba haka aka rene ni ba. Na bi su gida gida ne don girmamawa. Kuma ba a shiga gidan babba hannu wofi."

Wallahi sai na ji ana cewa "gaskiya ne" a cikinmu. A cikinmu fa, mu na kujerun roba! Wani da aka sallami ƙaninsa daga aikin ma cewa ya yi, "Ai Manaja ya yi ladabi." Wani ya ce wa Malam ya zauna, nan ba Turai ba ce. Mutane an kwashe musu kaya, suna yaba yadda aka yi sallama kafin a shigo.

Maman 'yan biyu ta miƙe, gwaggwaron ya karkace. Ta ce, "Manaja, ladabi naka ya yi kyau. To firji nawa fa? Shi ma ladabi ne ya ɗauke shi?"

Aka yi dariya, har da na kan tebur. Mai gabatarwa ya ce a kiyaye harshe akwai iyaye a wurin, sannan ya ce lokacin abinci ya yi. Aka raba shinkafa a robobi. Manya aka fara ba.

Rabonmu na tsohon kamfani ya iso a bayan keke: kwalayen faifai, wasu ba komai a kansu, wasu da waƙoƙin wata ƙungiyar mawaƙan coci da ta daɗe da watsewa. Da yake hannun Hajiya babba ne, kwalayena sun fi na kowa yawa a layin. Mijina ya ce ko ba komai an san mu manya ne. Daga baya ya sauke takardun nan biyu daga saman talabijin. Faifan kuwa, wani manomi daga hanyar Lau ya karɓi kwali guda yana ratayewa a gonar shinkafa don korar tsuntsaye. Ya ce suna aiki sosai. Shi kaɗai na sani da ya ci ribar kamfanin nan a cikin ƙanana.

Na sa hijabi na shiga wurin Hajiya. Wannan karon a ƙasa na zauna, ba a kuma buɗe lemo ba. Na ce, "Hajiya, na zo ne a kan injin. Ga takardarki, a mayar mini da abina."

Ta ce, "Ikon Allah. Ciniki ya faɗa, a dawo a ce a tashe shi? Kasuwa ai haka take, yau riba gobe asara."

Na ce, "Amma lokacin da kika kira ni, kin riga kin sani."

Ta ce, "Na sani mana."

Ban zaci za ta amsa haka kai tsaye ba. Na ce, "To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Manaja ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu har ranar taro. Amana ce aka ba mu. So kike in ci amana? Ni ban iya ba, ban kuma koya wa 'ya'yana ba."

Na zauna ina kallon kafet. Matar nan ta riƙe amanar Manaja da kyau, ba ta zubar da ko ɗigo ba, da injina ta riƙe ta. Na yi mata sai an jima, har da "a huta lafiya", don bakina ya saba.

Injin yana nan a ƙofar gida. 'Yar ƙanwar Hajiya ba ta san yadda ake lallashin bel ɗin ba, in ya zame sai ta ƙwala mini kira, "Anti, zo ki duba mini!" In fito in gyara, don ba na iya jin yana kuka haka. In na kawo tattasaina kuma in biya kamar kowa. Da aka buɗe ɗaukar sababbin yara a makarantar bayan layi, ban je ba. Yanzu wanki nake yi wa matan ma'aikata, ina sake tarawa daga farko. Malam mai fansho ya koma kai markaɗensa wani layin, ya ce ƙafarsa ta fi son nisa. Sabon kamfanin kuwa na ji yana tafiya lafiya, har sun yi wa ginin fenti. Manaja in ya wuce yana ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga masa.

Ga roƙona ga mai karanta wannan. In kana riƙe da wata harka da kuɗin mutane ke ciki, kamfani ne, ƙungiya ce, ko adashe, kuma wani labari ya taso mai daɗi ko marar daɗi, don Allah ka tara mu duka ka faɗa sau ɗaya, da harshen da kowa ke ji. Ka gaida manya yadda kake so, ka durƙusa musu har ƙasa, amma labarin kuɗinmu kada ka kai wa kowa gida kafin ranar.